Tuffar Bayan Katanga

Ranar 21 ga Oktoba, 1978, gari ya waye da raɓa mai ƙanƙara. Winifred Ackroyd ta tsaya a kan kututturen tuffar kakanta tana leƙen gidan maƙwabcinta, inda masu zarto suka riga suka iso.

Tata bishiyar ta mutu bara, ciwon saiwa ya cinye ta. Tuffar girki ce, koriya, mai tsamin da ke kashe haƙora, amma in ta ji wuta sai ta narke kamar auduga, da ɗan ƙamshin kanumfari. Babu irinta a duk ƙasar. Ƙwallonta ba ya haifar da irinta, sai dai a yanki tsiro a yi wa wata bishiya aure, Winifred kuwa ba ta taɓa ba kowa ko sili ba.

Maƙwabcin nata, Cedric Thurlow, take zargi da satar tsiro. Shekara da shekaru, duk tsakiyar hunturu, yakan datse rassan da suka tsallaka masa da 'yar wuƙa, ya jefo mata su kamar yadda doka ta ce. Kullum takan ga ba su cika ba. A gaban coci ta kira shi ɓarawo, tun daga nan gaisuwa ta mutu.

Yanzu ta rama. Kotu ta yarda cewa saiwar bishiyarsa ta bayan rumbu ce ke tsaga mata katanga, ta ce a sare bishiyar.

Cedric ya ɗago kai, hannunsa riƙe da tuffa ɗaya da ya tsinko daga bishiyar.

"Winifred, ɗanɗana wannan tukuna."

"Ka ba aladunka."

"Taurin kanki zai kai ki kabari, tsohuwar banza."

"Bayan na raka ka. Ku sare, ku ƙone har rassan, kada ya dasa mini wata masifar."

Ya jefo tuffar. Ta cafe, ta cusa a aljihu don kada ya ga ta sunkuya.

Kafin rana ta yi tsaka hayaƙi ya lafa. Ta zauna ta rubuta wa ƙanwarta Maud albishir, ta taka har bakin titi, ta saka wasiƙar a jan akwatin gidan waya. Hannunta ya koma aljihu ya ci karo da tuffar. Ta gatsa don ta tofar.

Tsamin ya kama mata haƙora, a bayansa kuma ga ƙamshin kanumfarin tuffar kakanta.