Dagin da Ba a Rufe Ba

Daudu dillali ya zo tun daga Kazaure, ya ajiye ƙaramar bindiga a gaban Baba Kura, tsohon maƙerin azurfa na Babura.

"Baba, a duba mini darajar zanen nan. Wani falke ya kawo ta, wai aikin Tarabulus ne."

Tsohon ya bi zanen da yatsa, dagi bayan dagi. A na ƙarshe ya tsaya.

"Nan ya dame ni," in ji Daudu. "Ba a rufe dagin ba. Aibi ne?"

"A ina ya same ta?"

"A hanyar Damagaram, kusa da ƙasusuwan wani."

Baba Kura ya gane aikin hannunsa ne. Al'adarsa ce, duk matafiyin da ya yi wa zane yakan bar dagin ƙarshe a buɗe, sai ya dawo a rufe.

Ya ɗauki ƙarfen zanensa ya rufe dagin.

"Ga ta, yanzu ba ta da aibi."

Sannan ya leƙa cikin gida ya kira matarsa.

"Aisa, daga yau ki daina ajiye wa ɗanki tuwo. Ga bindigarsa ta dawo."