Kwalbar Da Kawu Ya Tafasa

Sau uku a wata guda jikansa yana gudawa, amma mai rijiya ya ce haƙori ne. Rijiyarsa dai ba ta laifi. Da hannunsa ya haƙa ta, duk layin nan gidansa ake ɗiba, kuma da ita yake tinƙaho.

'Yar ƙanwarsa, ma'aikaciyar ɗakin gwaje-gwaje, ta matsa masa sai da ya kai mata ruwan a kwalba. Ta tace shi, ta ɗora takardar tacewar a faranti mai abincin ƙwayoyin cuta, ta sa a akwatin ɗumi. Washegari faranti ya cika da jajayen ɗige-ɗige.

"Kawu, waɗannan ƙwayoyin cuta a hanji suke zama. Masai yana yoyo cikin rijiyarka."

"Kashi? A rijiyata?" Ya kalle ta sama da ƙasa. "Wa ya aiko ki? Maƙwabcina ko? Ruwa garau kamar hawaye!"

"To kawo wani, mu sake."

Mutumin naku bai yarda da kowa ba. Wai ko an musanya kwalba, wai ko hassada ce. Kuma idan magana ta fita, ina zai sa fuskarsa? Sai ya faki idon matarsa, ya tafasa ruwan, ya bari ya huce, ya ɗura a kwalba, ya kai mata.

Wannan karon ko ɗigo ɗaya bai tsiro ba. Yarinyar ta daɗe tana juya farantin, hankalinta bai kwanta ba.

"Kawu, tsakaninka da Allah, kai tsaye daga rijiya ka ɗebo?"

"Au, ni za ki tuhuma? A gabana aka haife ki!"

Ba yadda ta iya, ta rubuta abin da ta gani, ta roƙe shi a riƙa tafasa ruwan sha. Ina! Takardar ya riƙa nuna wa 'yan layi, ya hana matarsa ɓata gawayi.

Kwana tara, amai da gudawa suka kwantar da gidaje huɗu. Manya sun tashi. Jikan nasa, mai shekara biyu, bai tashi ba.

A wurin zaman makoki ya jawo ta gefe, ya faɗa mata gaskiya. Ta share hawaye.

"Ashe ka iya tafasa ruwa, Kawu. Kwalba ka tafasa wa, ba yaron ba."

Jama'a, mai gwaji ba maƙiyinku ba ne. Wanda ya yaudari gwaji bai kashe cuta ba, gidansa ya buɗe mata.