Namijin Gwanda

Ranar da aka naɗa maigidana shugaban ofishin rabon filaye, aka ce doka ta hana shi riƙe kujera da lambu a lokaci guda. Sai ya miƙa wa ƙaninsa lambun gwandarmu.

"Shekara huɗu ce kawai," ya ce mini. "Zan dawo."

Kafin sati ya zagayo, ƙanin ya sare bishiyar da ke tsakiya. "Yaya, wannan ba ta taɓa haihuwa ba, sai shan ruwa," in ji shi yana dariya.

Maigidana ya daɗe tsugune a gaban kututturen, da takalmin ofis a ƙafarsa. "Namijin ke nan," ya ce. "Garin furensa ƙwari ke kai wa sauran."

Bai cika shekara huɗun ba. A kan teburinsa aka same shi, rai ya yi halinsa.

Tun daga nan bishiyoyin sai su yi fure su zubar. Bana wata bishiya da maigidana ya saba jingina da ita ta ba da gwanda guda ɗaya. Na jira ta nuna, don in shuka irinta saboda shi. Da na yanka, cikinta wayam, babu ƙwaya ko ɗaya.