Romon Mama Lan

Tayar babur ɗin Tizhe ta fashe ne daidai shiga Mubi, da azahar, a daminar 1983. Malamin dabbobi ne, ya taso daga Michika zai je Belel yi wa shanu allura. Mai faci ya ce sai ya jira, ya kuma nuna masa wani lungu a bayan kasuwa inda zai iya cin abinci.

"Wata tsohuwa ce, 'yar Vietnam. Yaƙin Chadi ya koro ta daga Njamena. Romonta ba irin namu ba."

Ɗaki ɗaya ne, da tebur uku da ƙofar katako mai shiga madafa. Tsohuwar ƙarama ce ƙwarai, fara, gashinta duk furfura. Mama Lan ake ce mata. Ba ta tambaye shi abin da zai ci ba, ta dire masa kwano: taliyar shinkafa cikin romon ƙashin sa, nama yankan siriri, albasa, ɗoɗɗoya da ɓarin lemun tsami. Ƙanshin citta da kanumfari ya doki hancinsa. Ya kurɓa sau ɗaya, ya manta da babur.

Sai a loma ta biyar ya lura da mutumin da ke kusurwa.

Dogo ne, baƙi, sanye da tsohuwar rigar soja da baƙin tabarau. Wani tabo ya ratsa kuncinsa har wuya. Ya jingina da bango yana fuskantar ƙofa, yana ɗaukar taliya da tsinke biyu cikin sauri, ga wuƙa a gefen kwanonsa. Tsohuwar ta ƙara masa nama. Ya yi mata magana ƙasa-ƙasa, da kakkausar murya. Ta girgiza kai. Ya sake maimaitawa.

Tizhe ya ga ta kai hannu kunnuwanta, ta ciro 'yan kunnen zinariya, ta ajiye a gabansa tana hawaye. Mutumin ya jefa su aljihu, ya ci gaba da ci.

Tizhe ya ture kwanonsa gefe. Bara waccan aka kawo gawar ƙanensa Zira daga hanyar Belel, an sare shi saboda keke da buhun gyaɗa. Waɗanda suka tsira sun ce masu tsofaffin kayan soja ne suka tare su.

Tizhe ya fita wanke hannu a bakin randa. Wata mota Fijo ta tsaya a bakin lungun, mutum biyu suka sauko cikin safari mai guga. Babban ya yi masa sallama cikin ladabi, ya buɗe wani kati kamar na 'yan sanda ya rufe nan take.

"Malam, akwai wani mai tabo a ciki?"

"Yana nan. Yanzu ya ƙwace wa tsohuwar nan 'yan kunne."

"Wata uku muna nemansa. Ka tsaya a bayanmu kawai."

Suna sa ƙafa, mai tabon ya miƙe. Ya fizgi tsohuwar, ya hankaɗa ta cikin madafa har ta faɗi, ya ja ƙofa ya danna sakata. Kafin babban ya gama zaro bindiga, mai tabon ya suri tukunyar romo mai tafasa daga murhun gefe, ta sauka a fuskar babban. Ya kurma ihu, harsashi ya huda kwanon rufi, bindigar ta shige ƙarƙashin benci.

Ƙaramin ya taso da adda. Mai tabon ya tare da tebur, ya shiga jikinsa, ya tsarge masa dantse da wuƙa. Jini ya fantsama a bango. Suka zube ƙasa tare, mai tabon a sama, gwiwarsa a ƙirjin ƙaramin, wuƙar tana sauka a hankali zuwa maƙoshi. Daga cikin madafa tsohuwar tana dukan ƙofa tana kururuwa da yarenta.

Akwai taɓarya jingine a bango. Tizhe bai san lokacin da ta zo hannunsa ba. Ya ɗaga ta da hannu biyu, ya sauke a ƙeyar mai tabon. Ƙarar ta yi kamar an fasa ƙwarya.

Mutumin ya kife. Tizhe ya ja baya yana haki, yana jiran ya ga ankwa. Sai babban ya rarrafo, fuskarsa ta saluɓe, ya ɗauki wuƙar ya luma wa kwantaccen a ciki. Sau uku. Ya goge ta a rigar sojan. Ba wanda ya dubi Tizhe, ba wanda ya dubi ƙofar madafa. Suka riƙe juna suka fita. Da motar ta juya ne Tizhe ya ga ba ta da lamba.

Ya durƙusa, ya cire rigarsa ya danna a kan cikin mutumin, amma jinin ya ci gaba da ɓulɓulowa ta tsakanin yatsunsa har numfashin ya tsaya. Sannan ya tashi ya zare sakatar.

Mama Lan ta fito da fasasshen goshi. Ta wuce shi, ta zauna cikin jinin, ta ɗora kan gawar a cinyarta. Ta daɗe tana shafa kuncin mai tabo. Daga baya ta ɗago, ta dubi Tizhe tsirara zuwa ƙugu, jini har gwiwar hannu, ta kamo hannunsa ta riƙe gam.

"Sannu, Malam. Allah ya biya ka. Na ba shi 'yan kunnena don ya gudu, suka riga shi. A Njamena sun yanka ubansa, mijina ɗan Chadi, ba wanda ya taimaka. Yau kai kaɗai ka tsaya wa ɗana."