Zobba a Allon Zaure

Tun da aka kafa dokar allo don kama masu ƙera bindiga, kowane gida a Tudun Maƙera yana da baƙin allo a zaure, na dutsen nan da ake yin bakin fensir da shi. Duk mai shiga sai ya dafa. In da ƙurar ƙarfe a hannunsa, sai zobba su fito a wurin, kamar an jefa tsakuwa a tafki. Wanda mai duba allo na hukuma ya ga nasa kuwa, tafiya da shi ake yi.

Da hantsi Inna Tambai tana shara, sai ta ga zobba daidai inda ɗanta Sama'ila yake dafawa. Shi da ya rantse mata ya bar ƙera bindiga, wai kayan miya yake sayarwa.

"Sama'ila, tattasai ne ke yin wannan?"

"Haba Inna! Allon ne ya tsage. Ai tsaga ma tana fito da zobba, kowa ya sani."

Ta shafa wurin, ta karkata kai ta duba da hasken ƙofa. Sumul yake. Ta dubi ɗan nata, ya yi maza ya cusa hannu a aljihu.

Sai ga sallamar mai duba allo a gidan maƙwabta. Tambai ta kafa farcenta a tsakiyar zobban, ta ja da ƙarfi har baƙin gari ya zubo.

"Yanzu ya tsage," in ji ta, ko kallonsa ba ta yi ba. "In mutumin ya tafi, ni za ka nuna wa hannun nan."