Sunan Tabawa Ya Koma Baya

Tun da aka kafa dokar Rumbu, wato ma'ajiyar bayanan jama'a, asibiti ba ya ba kowa magani sai na'ura ta lalubo sunansa. Da bayanai suka yi wa Rumbun yawa, bincike ya yi nauyi, aka ɗauki Injiniya Lantana ta gyara. Ta raba sunayen gida biyu, waɗanda ake yawan nema a gaba, sauran a baya.

Ranar Talata da hantsi kawunta Sallau ya faɗo ofishinta daga ƙauye, ko sallama babu.

"Maciji ya sari matata Tabawa, kwana biyu na'urarku tana juyi ba ta samo sunanta ba. An ce aikinki ne!"

"Kawu, shekara goma ba a nemi sunanta ba, shi ya sa ya koma baya."

"Laifinta ke nan, da ba ta ciwo?"

Lantana ta jawo sunan da kanta a allon na'ura.

"Ga shi, Kawu. Maza a ba ta maganin."

Sallau ko allon bai kalla ba.

"Mayar da shi inda kika ajiye. Jiya muka binne ta. Zuwa na yi in ga idonki."