Agogon Ƙofar Maƙabarta

Tun da aka hana binne mamaci sai na'ura ta tabbatar ya rasu, ƙofar maƙabarta ba ta taɓa ƙin buɗewa ba sai ranar jana'izar mahaifin Jafaru.

Aka sauke makara a inuwa, Jafaru ya ruga wurin Malam Isuhu mai kula da na'urar.

"Wai mahaifinka ya buɗe wayarsa bayan rasuwarsa," in ji dattijon. "Yi haƙuri, ɗana, agogon na'urar ne ke bin lokacin wata ƙasa. Bari in daidaita."

Jafaru da hannunsa ya yi wa gawar wanka. Duk da haka ya koma ya kwance likkafani, ya kara kunne a ƙirjin mahaifinsa.

Yana nan durƙushe yana saurare ƙofar ta buɗe.